Kundin Aikin Sauya Salon Koyarwa a Ajin Share Fage

Litinin, 18 ga Satumba, 2023

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin da muka soma yau yake tafiya a ajin share fagen shiga firamare na makarantarmu, wadda makarantar gwamnati ce a wani gari da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina. Mu uku ne a kan aikin: ni da nake kula da sashen ƙananan yara, da malamar ajin, da wata ɗalibar kwalejin ilimi da aka turo mana koyon aikin koyarwa na zango guda. Yara 58 ne a rajista, yawancinsu 'yan shekara biyar, ko da yake akwai 'yan huɗu da iyayensu suka haɗo su da yayyensu domin gida ya sarara.

Abin da muke son yi shi ne mu raba ajin da salon da muka gada, inda malama ke tsaye a gaban allo tana faɗa yara suna amsawa baki ɗaya, mu koma salon da yaro ne ke aiki da hannunsa da bakinsa, malama kuma tana lura da shi, tana kawo masa ɗauki a daidai inda ya tsaya. Dalilin da ya sa na matsa a kan haka ƙaramin abu ne da ya faru a zangon da ya wuce. Yaran ajin suna iya rera ƙidaya da Turanci daga ɗaya zuwa hamsin ba tare da tuntuɓe ba, amma da na kira goma daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya, na zube ƙwallayen dabino a gabansu na ce kowa ya ba ni bakwai, uku ne kacal suka ba ni daidai. Sauran sun ɗebo da hannu biyu, ko kuma bakinsu ya riga yatsansu gudu, suka kai bakwai alhali ƙwallaye huɗu suka taɓa.

Na nuna wa hedimasta cewa ba bidi'a muka zo da ita ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, a yadda take a 2023 ta tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin za a koyar, sannan malami ɗaya ya riƙe yara 25. Ya yi dariya a kan adadin na ƙarshe, amma ya ba mu izini, da sharaɗin kada hayaniyarmu ta hana aji ɗaya karatu.

Talata, 3 ga Oktoba, 2023

Mun fitar da dogayen bencina shida daga cikin goma, muka shimfiɗa tabarmi a wurinsu. Bencinan nan na manyan yara ne, ƙafafun 'yan ajinmu ba sa kai ƙasa idan sun zauna, kuma na daɗe ina ganin rabin mutsu-mutsun da ake tsawata musu a kai daga nan yake tasowa. Maria Montessori, likitar nan ta ƙasar Italiya, da ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum a watan Janairun 1907, cikin abubuwan da ta yi da wuri har da sa a ƙera kujeru da tebura daidai tsawon yaro, marasa nauyi yadda zai iya ɗagawa da kansa. Mu ba mu da kuɗin kafinta, amma tabarma ta biya wannan buƙata, kuma yaranmu a kanta suka saba zama.

Mun kasa ɗakin gida huɗu. Akwai kusurwar kasuwa, da ta gini, da ta zane da rubutu, da ta ƙirga. Ba mu sayi komai ba sai alli da gam, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu farashin kwali da fenti ya wuce ƙarfin kuɗin da ke hannunmu. Murafan kwalaben lemo daga mai shagon bakin makaranta muka samo su, ƙyallaye daga tela, guntayen katako daga kafinta, yumɓu daga bakin kududdufi, ƙwallayen dabino da 'ya'yan tsamiya kuma yaran ne suka kawo. Ƙananan abubuwan da yaro zai iya cusawa a hanci ko kunne mun ajiye su a gwangwani mai murfi, ba a buɗewa sai babba yana zaune a wurin.

Talata, 17 ga Oktoba, 2023

Makonni biyun da suka wuce ba su yi kyau ba, kuma gara in rubuta hakan yadda yake. Da muka ce kowane yaro ya tafi kusurwar da yake so, kusan arba'in suka afka wa kasuwa, aka yi kokawa a kan mudu ɗaya tilo da muke da shi, wata yarinya ta fasa leɓe, malamin aji ɗaya kuma ya zo har sau biyu yana ƙorafi. Malamar ajin ta ce mini, cikin ladabi amma da gaske take, “Hajiya, idan wannan ne sabon tsarin, to tsohon ya fi shi, ko ba komai a can suna zaune.”

Laifin nawa ne. Na ɗauka cewa idan aka ba yaro zaɓi zai san abin da zai yi da shi, alhali yaron da tun zuwansa makaranta ba a taɓa tambayarsa abin da yake so ba, sai an koya masa zaɓen kansa kamar yadda ake koya masa riƙe alli. Mun koma ga wata hanya da aka yi amfani da ita a makarantar Perry da ke garin Ypsilanti a jihar Michigan ta Amurka, inda David Weikart da abokan aikinsa suka soma wani gwaji a 1962 da yara 123 'ya'yan marasa ƙarfi. Daga aikinsu ne aka samo tsarin nan mai hawa uku: yaro ya faɗi abin da zai yi, ya je ya yi, sannan ya dawo ya ba da labarin abin da ya yi. Mun fassara wa yaranmu shi da kalmomi uku, niyya, aiki, labari.

Yanzu kowace kusurwa tana da zare mai launinta, guda goma sha biyar, a rataye a ƙusa. Da safe bayan gaisuwa yaro zai zo ya ce, misali, zan gina rumbu, sai ya ɗauki zaren gini ya ɗaura a hannu. Idan zaren wata kusurwa ya ƙare, to ta cika, sai gobe. Yau kwana uku ke nan da soma wannan, kuma kokawa ɗaya kawai aka yi.

Asabar, 11 ga Nuwamba, 2023

An yi taron iyaye da malamai, kuma kusan rabin lokacin a kan ajinmu ya tafi. Na san za a yi haka, domin tun makon jiya wasu iyaye mata suke aiko da tambaya ko an daina karatu ne, tunda yara suna komawa gida da laka a riga, littafin rubutunsu kuma babu jan biro. Wani dattijo, ɗan kasuwa ne da ke da jikoki biyu a ajin, ya miƙe ya ce, “Malama, wasa ai akwai shi a gida kyauta. Mun kawo su ne su koyi boko. Ɗan maƙwabcina da ke makarantar kuɗi yana rubuta ɗaya zuwa ɗari, nawa kuma jiya da na tambaye shi abin da ya koya sai ya ce ya sayar da tumatir.” Aka yi dariya, amma kawuna da yawa sun gyaɗa.

Na riga na shirya bayani a kan Montessori da Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan lambun yara a 1840, amma da na dubi fuskokin mutanen sai na ga sunayen Turawa ba za su kai ni ko'ina ba, ƙila ma su ƙara tabbatar musu da cewa wani abu ne aka ɗauko daga waje ake gwadawa a kan 'ya'yansu. Sai na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma, a makarantar allon da ka yi, kai da sa'anka allo ɗaya kuke karantawa?” Ya ce a'a, kowa da nasa. Na ce, “Idan shi ya biya kai ba ka biya ba, malam yakan ce ku wanke tare?” Ya ce ina, sai ka biya tukuna ake maka ƙari.

A nan na tsaya na ɗan yi bayani, domin ni kaina sai a wannan zangon na gane nauyin abin. A makarantar allo yara hamsin suna iya zama a zaure ɗaya, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin surori, kuma malam ya san inda kowannensu yake, ba ya ɗaga yaro daga darasi sai ya ji da kunnensa cewa ya riƙe shi. Babba yana biya wa ƙarami. Ba na cewa komai na makarantar allo ya dace da ɗan shekara biyar a ajin boko, bulala dai ba ta cikin lissafinmu, kuma mu muna son yaro ya yi tambaya ya kuma ƙirƙiro nasa, amma wannan ginshiƙi na bin kowane yaro da saurinsa kakanninmu sun riƙe shi tun kafin a kafa makarantar boko ta farko a Kano. Ajin boko ne ya zo da ɗabi'ar a ja yara sittin da igiya ɗaya, wanda ya faɗi a bar shi a hanya.

Game da tumatir kuwa, na roƙi dattijon ya ba jikansa murafan kwalba goma a gida, ya sayi tumatir na uku, ya ga ko zai faɗa masa abin da ya rage. Mun kuma yi alkawarin abu biyu: kowace Alhamis yaro zai tafi gida da wani abu da ya yi da hannunsa, kuma ƙofar ajin a buɗe take ga duk uwa ko uban da ke son ya zauna ya gani. Ban ce an gamsu ba. Iyaye biyu sun ce za su mayar da 'ya'yansu makarantar kuɗi, ɗaya kuma ya riga ya mayar.

Laraba, 22 ga Nuwamba, 2023

Kaka ta kawo mana kara kyauta. Yara maza sun soma ƙera motoci da shi kamar yadda suke gani a wurin yayyensu, kuma a wurin yanka ƙafafun mota ne wani yaro ya gano da kansa cewa idan guda huɗun ba su zo daidai ba motar za ta karkace, sai ya ɗauki ɗaya ya mayar da ita ma'auni. Malamar ta rubuta wannan a littafin lura, inda muke rubuta abin da muka ga kowane yaro yana yi, ba tare da na tuna mata ba. Mun ƙara mudu biyu da gwangwanin madara shida a kasuwa.

Talata, 12 ga Disamba, 2023

Zango ya zo ƙarshe, kuma mun yi karo da batun jarrabawa. Takardar sakamakon da makaranta ke bayarwa tana da gurbin maki da gurbin matsayi, wato na ɗaya har zuwa na ƙarshe, kuma iyaye matsayin suke fara dubawa. Ni ban ga amfanin a ce wa ɗan shekara biyar shi ne na hamsin da biyar ba. Hedimasta ya ce ba shi da ikon sauya takardar, amma bai hana mu manna wata a bayanta ba, don haka muka cika gurbin maki, muka bar na matsayi fayau, muka rubuta wa kowane yaro layi uku da Hausa: abin da yake iyawa, abin da yake gab da iyawa, da abin da za a taya shi da shi a gida. Layin tsakiyar shi ne mai wuya kuma shi ne mai amfani. Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, a kan wannan tazara ya gina ra'ayinsa, tazarar da ke tsakanin abin da yaro ke yi shi kaɗai da abin da yake iya yi idan wani ya ɗan tallafa masa, kuma a ganinsa a nan ne koyarwa ke da gurbi. Rubuta wa yara 55 da suka rage a ajin wannan ya ci mana yammaci huɗu.

Na sake gwajin ƙwallayen dabino da dukan ajin. Yara 41 sun ba ni bakwai daidai. Na ƙara da wani gwaji irin na Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan: na jera ƙwallaye biyar a layi biyu daidai da juna, yaro ya yarda ɗaya suke, sannan a gabansa na buɗa tazarar layi guda na tambaye shi wanne ya fi yawa. Mafi yawansu sun nuna layin da ya fi tsawo. Ɗalibar kwalejin ta damu, ta ce ke nan ba su koya ba. Na ce mata haka ake samu a wannan shekaru, kuma ba abu ne da ake gyarawa da maimaitawa a allo ba, amfanin gwajin shi ne ya hana mu gaggawar ɗora musu lissafin tarawa a takarda.

Talata, 16 ga Janairu, 2024

Ɗalibar kwalejin ta koma, mun rage mu biyu, ni kuma ina da wasu ayyukan ofis, saboda haka mun rufe kusurwar zane a ranakun da ba na nan. Sanyin hunturu ya sa yara ba sa cika ajin sai wajen ƙarfe tara, tari da mura kuma sun yi yawa, don haka muka mayar da lokacin wasan waje zuwa hantsi.

Abin da na fi son in rubuta yau ya shafe mu ne mu malamai. Na zauna a bayan aji da agogo a lokacin labari, na lura cewa idan malamar ta yi wa yaro tambaya bai amsa nan take ba, kafin ya haɗiye yawu ta riga ta amsa masa ko ta wuce ga wani. Da na faɗa mata sai ta ce ni ma haka nake yi, kuma gaskiyarta ne. Mun taso ne a kan cewa shirun aji gazawar malami ce, sai mu yi ta cika shi da muryarmu. Mun yi yarjejeniya cewa bayan kowace tambaya za mu ƙirga biyar a zuci kafin mu sake buɗe baki, kuma duk wadda ta ga 'yar'uwarta ta yi gaggawa sai ta taɓa kunnenta.

Wannan ya fi tasiri a kan yaran da littafin lura ya nuna ba a taɓa jin muryarsu ba. Su tara ne, bakwai mata. A gida an hore su cewa yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya kuma dogon zance a gabansa, kuma ni ba na son makaranta ta rushe wannan tarbiyya, domin kunya ado ce a wurinmu. Amma kunya daban, tsoro daban. Mun lura cewa yarinyar da ba ta iya magana a tsaye a gaban mutum hamsin tana zuba kamar kanya idan aka bar ta da ƙawaye uku da 'yar tsana ta ƙyalle, saboda haka muka daina tilasta musu tsayuwa, malama ce ke zuwa ta durƙusa kusa da su ta saurara. Ɗaya daga cikinsu yau ta yi wa 'yar tsanarta faɗa na kusan minti biyu a kan ƙin shan magani, da jimloli cikakku, har da “in ba haka ba”.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, 2024

Kakar ɗaya daga cikin yaran ta amsa gayyatarmu ta zo yin tatsuniya. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar yin tatsuniya da rana ba, sai da na ce, “Iya, ai yaran yanzu da dare waya suke kallo, in ba ki yi musu da rana ba ba za su ji ba ke nan.” Da ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara huɗu ne kawai suka san a ce ta zo mu ji ta. Ta yi musu ta Gizo da Ƙoƙi, ta bi da kacici-kacici, kuma a kan “shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya” wani yaro ya tashi da gudu ya ɗauko tsintsiyar ajin ya ɗaga sama ba tare da ya ce uffan ba.

Bayan ta tafi muka sa su sake ba da labarin da bakinsu, malama tana rubuta maganarsu a babban kwali suna kallo, sannan muka nemi kalmomin da ke farawa da sauti irin na Gizo. Da haka muka shiga haruffa, daga sautin da ke bakinsu, har da ɓ da ɗ da ƙ waɗanda waƙar haruffan Turanci ba ta san da su ba. Turanci muna yinsa minti goma sha biyar kullum, da baki, ta hanyar gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwa. Ga iyayen da ke tsoron Hausa za ta tare wa yaro Turanci ina ba su labarin aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. A ƙarshen 2022 ma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, sai dai littattafan da za a yi aikin da su ba su iso ajinmu ba, shi ya sa kwalayen da muke rubutawa da hannu suka zama ɗakin karatunmu. Yanzu muna da goma sha ɗaya.

Alhamis, 21 ga Maris, 2024

Yau sha ɗaya ga azumi, ana tashi da wuri, mu malamai kuma ƙarfinmu ya ragu, amma tsarin ya riƙe kansa fiye da yadda na zata, domin yaran sun san zarensu da wurinsu, su ne ma ke kwashe kaya su share. Tun jiya kusurwar kasuwa ta rikiɗe ta koma ta tashe ba tare da mun shirya ba. Sun nemi auduga don gemun tsoho, wani ya tara ganyaye da tsummoki ya zama Jatau mai magani, muka bar su, muka sa masu kallo su biya da murafan kwalba, masu tashen kuma su raba abin da suka samu daidai a tsakaninsu. Rabon murafai goma sha huɗu tsakanin mutum uku ya jawo muhawara mai tsawo a kan biyun da suka rage, daga ƙarshe suka ba malama sadaka.

Dattijon nan na taron Nuwamba ya aiko da buhun murafai daga shagonsa, bai haɗo da wani saƙo ba.

Abin da ke gabanmu a zango na uku shi ne aji ɗaya. A watan Satumba waɗannan yara za su koma ɗakin da ke da bencina a jere da yara fiye da tamanin, kuma ina fargabar a ɗauki tambayarsu a matsayin rashin kunya. Na yi magana da malamin ajin, ya yarda zai riƙa zuwa ajinmu na rabin awa kowace Laraba bayan hutun sallah, mu kuma za mu miƙa masa littafin lura na kowane yaro. Ya ce ba zai iya fitar da bencina ba, amma zai duba ko bayan ajin zai ɗauki tabarma biyu. Kafin nan akwai rufin kusurwar gini da ke yoyo, wanda dole a gyara kafin ruwan farko, kuma na rubuta wa kwamitin iyaye takarda a kan kwano uku da ƙusa.